Gawa Mai Alkunya Biyu

Sufeto Nidal bai gama cin burodinsa da ƙosan falafel ba wayar teburinsa ta yi ƙara. Daga asibitin Sindiyan ne, wani asibitin kuɗi da ke tsohon garin Zarƙa, kusa da Amman. An shiga da wani mutum ɗakin tiyata da safe, ya cika tun ba a taɓa shi da wuƙa ba. Kamfanin inshorar da ke biya masa ya ce kada a saki gawar sai 'yan sanda sun duba.

Ya naɗe sauran burodin a takarda, ya leƙa ofishin gefe.

"Saje Mifleh, tashi. Akwai gawa."

Saje Mifleh ya ɗauki hularsa yana nishi. "Sidi, yallaɓai, tun da na shiga aikin nan ba a taɓa kiranmu walima ba."

"Dubi tumbinka. An kira ka, ka dai manta."

A bakin asibitin wani mutum ya tarye su, tsaf da shi, ƙamshin turare na tashi. Ya ce shi ne Ustaz Gassan, mai kula da majinyatan inshora. Duk wanda ya zo da kati ta tagarsa yake bi, shi yake neman amincewar kamfani kafin likita ya taɓa kowa.

"Wane ne mamacin?" in ji Nidal.

"Fawwaz Salim. Ma'aikaci ne a wata masana'antar yanka dutse, su suka yi masa inshora. Tsakuwa ce a maɗaciyarsa, aikin da ake yi kullum." Gassan ya girgiza kai. "Allah ya ji ƙan Abu Laith. Rai dai ya yi halinsa."

"Ka san shi?"

"Ina! Sai jiya da ya miƙo min kati ta taga. Na duba, na nemi amincewa, ta fito, na tura shi sama. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan."

"Da wa ya zo?"

"Da matarsa."

Nidal ya ce a kai shi wurin gawar. A ɗakin sanyi ya yaye zanen. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, fuskarsa da leɓunansa sun kumbura. Nidal ya ɗaga hannuwan ɗaya bayan ɗaya. Tafin hannun laushi gare shi, ba kanta, ba tsagewa. Hannun hagu daga gwiwa zuwa yatsu rana ta ƙona shi, ya fi na dama duhu sosai.

Ya mayar da zanen.

Nas ɗin da ta kula da mamacin, Hiyam, tana zaune a ɗan ofishinsu da jajayen idanu.

"Me ya faru?" Nidal ya tambaye ta.

"Allurar penisilin aka yi masa kafin a fara, kamar yadda ake yi wa kowa. Nan take numfashi ya ɗauke. An yi duk abin da za a yi, sidi."

"Ba ku tambaye shi ko jikinsa na ƙin wani magani ba?"

"Ni da bakina na tambaye shi. Ya yi shiru, ya dubi matarsa, sannan ya ce babu." Ta share hanci. "Mutumin kirki ne Abu Sami. Har tsokanata yake, wai allurata ta fi ta surukarsa zafi."

Nidal ya ɗago kai. "Abu wa?"

"Abu Sami. Haka matarsa ke kiransa, mu ma muka bi."

"Kin tabbata?"

"Tun jiya nake jin sunan."

"Yaya matar take da shi?"

"Ban san ko ya kamata in faɗa ba. Can bakin ƙofa ta ajiye kujerarta. Ko su biyu ne a ɗakin ba ta cire mayafi. Da muka zo sa masa rigar tiyata sai ta yi waje da sauri. Na ce a raina wataƙila faɗa suka yi."

"Da aka gaya mata ya rasu fa?"

"Ta ce innalillahi, ta kama waya. Daga nan ban ƙara ganinta ba."

A mota Saje Mifleh ya ce, "Sidi, ni ma tawa matar haka take, ba ta zama kusa da ni."

"Taka tana da dalili. Mu je kamfanin."

Ofishin kamfanin inshorar yana hawa na sama a wani bene mai gilashi a Amman. Dakta Lubna, likitar da ke duba buƙatun asibitoci ta amince ko ta ƙi, ita ce ta sa aka kira 'yan sanda. Ba ta ba su ko gahawa ba.

"Fawwaz Salim ya daɗe a wurinmu," in ji ta. "Ƙurar dutse na kama masa ƙirji duk hunturu, kuma wannan maganin ake ba shi, mu muke biya. Bai taɓa yi masa komai ba. Yau kuma a ce shi ya kashe shi? Ko asibitin na ɓoye wani kuskure, ko akwai abin da ban sani ba."

"Da ya ce jikinsa na ƙin maganin, me za a yi?"

"A nemo wani. Amma sauran suna da tsada, sai an dawo wurina da dalili. Ni kuma da na tambaya yaushe ya fara ƙinsa."

"Komai sai an tambaye ku ke nan."

"Komai. In muka saki, asibitoci za su yi wa mai mura hoton kai. In muka matse, a ce mu ne azzalumai. Mutanen da muke ɗauka suna tsufa, ciwon suga na ƙaruwa, magani na tashi, kamfanoni kuma ba sa son a ƙara musu ko dinari. Dole mu rage abin da muke biyan asibiti, su kuma su yi ta neman cika gadaje."

"Wanda ya zo da ciwonsa a jiki yana neman kati fa?"

"Ba ma ɗaukarsa. Ko mu ɗauke shi ban da wannan ciwon." Ta faɗa ba tare da ta sauya murya ba. "Haɗarin da bai zo ba muke saya, Sufeto, wanda ya riga ya zo ba namu ba ne."

Saje Mifleh ya dafa cikinsa. "To ni ba ku ɗaukata ke nan, Dakta."

Ta dube shi daga sama zuwa ƙasa. "A'a."

Suna saukowa Nidal ya ce, "Mai yanka dutse, Saje. Yaya tafin hannunsa yake?"

"Kamar bayan kunkuru."

"Wa ka sani da baƙin hannun hagu da farin na dama?"

Saje Mifleh ya yi tunani. "Direba. Mai rataye hannu a taga."

Gidan mamacin yana wani lungu a garin Rusaifa, bene ne na iyali, kowane ɗan'uwa da hawansa. An fara jera kujerun roba a waje. Maza sun zauna jugum, wani dattijo na zagawa da butar gahawa mai ɗaci. A gefen gidan akwai tasi ruwan ɗorawa a ajiye, tagoginta a rufe.

Nidal ya yi musu ta'aziyya, ya kurɓi gahawar, ya girgiza kofin ya mayar. Kowa ya tambaye shi abu ɗaya: yaushe za a ba su gawa? Ana so a binne kafin rana ta faɗi.

A hawa na ƙasa matar Fawwaz, Intisar, tana zaune cikin mata da baƙaƙen kaya. Ta fito falo ta same shi.

"Allah ya ba ki haƙuri, Ummu Sami."

"Amin, sidi."

"Ke kika kai shi asibiti?"

"Ni ce."

"Me ya sa kika fita da za a sauya masa riga?"

Ta murza gefen mayafinta. "Ba na son ganin allura."

"Riga na ce, ban ce allura ba. Tasin da ke waje ta wane ne?"

"Ta ƙaninsa ce, Munzir. Ya yi tafiya. Ya tafi Aƙaba."

"Direba ya tafi Aƙaba ya bar motarsa. Yayansa ya rasu kuma bai dawo ba."

Idonta a bushe yake, na matan da ke bayanta ma haka. Amma ta silin wani sauti na saukowa, kukan mace wadda ta toshe baki da wani abu don kada a ji.

"Wace ce a sama?"

"Matar Munzir ce, Tagrid. Ba ta da lafiya."

Nidal ya hau. Ya ƙwanƙwasa ya yi sallama. Matar da ta buɗe fuskarta ta kumbura, a hannunta akwai rigar namiji da ta cukuikuye. Babu mace ko ɗaya a wurinta. Duk masu ta'aziyya suna ƙasa.

A bango akwai hoton biki. Angon shi ne mutumin da ke kwance a ɗakin sanyi.

"Yaya sunan babban ɗanki?" Nidal ya tambaya a hankali.

"Laith."

Nidal ya sake duban hoton. Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙan mijinki, Ummu Laith."

Ta zame ta zauna a ƙasa. "Kai ne mutum na farko da ya ce min haka tun safe."

Da ta samu kanta sai magana ta ɓalle. Munzir ya daɗe da ciwon ciki, in ya tashi masa sai ya faka mota ya yi ta murƙususu. A asibitin gwamnati layi ya yi tsawo. Ya je sayen inshora aka ce ciwon ya riga katin zuwa. Shi ne aka shirya ya shiga da katin yayansa, su biyun suna kama, hoton katin kuma tsoho ne. Aka ce ita ta zauna a gida, Intisar ta raka shi.

"Yanzu sun ce in yi shiru," in ji ta. "Wai a binne shi da sunan Fawwaz, daga baya a san yadda za a yi. A rubuta sunan wani a kan kabarinsa, sidi? In yi takabar mutumin da hukuma ta ce yana raye? In 'ya'yansa sun tambaye ni ina kabarin ubansu, wane zan nuna musu?"

"Ya san jikinsa na ƙin penisilin?"

"Tun yana yaro. Ya kusa mutuwa a kansa. Ko ciwon haƙori ya kai shi kantin magani, shi ne abin da yake fara faɗa."

"To me ya sa ya ce wa nas babu?"

"Ya ce min an ce kada ya ambata, asiri zai tonu. Wai mutumin zai raɗa wa likita da kansa a ba shi wani."

"Wane mutum?"

"Bai faɗa min ba. Ya ce ba zancen mata ba ne."

"Ina Fawwaz?"

Ta nuna sama da haɓarta.

A kan rufin gidan, bayan tankunan ruwa, wani mutum na zaune a kan bulo kusa da akurkin tantabaru. Da ya ga kakin Saje Mifleh bai motsa ba. Ya miƙo hannuwansa biyu, tafinsu fari fat da kanta, duk a tsattsage.

Saje Mifleh ya ce, "Sannu da dawowa daga lahira, Abu Sami. Yaya hanya?"

Nidal ya harare shi, ya jawo bulo ya zauna.

"Ni na ba shi katin," in ji Fawwaz. "Ni kaɗai. Ku tafi da ni."

"Wa ya ce masa ya ɓoye zancen maganin?"

"Ni."

"Kai ne kuma za ka raɗa wa likita? Kana nan a ɓoye cikin tantabaru?"

Fawwaz ya sunkuyar da kai.

"Wa kake karewa?"

"Ina da yarinya mai ciwon suga, sidi. Allurarta a katin nan take. An ce in magana ta fita za a soke mana duka, har abokan aikina abin zai shafa."

"Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce. Ni na sani."

Nidal ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Ƙaninka na kwance da sunanka a ƙafarsa. Matarsa na kuka ita kaɗai a ɗaki. Ba zan saki gawa da sunan ƙarya ba, kuma ba zan iya gyara sunan ba sai na san yadda ya shiga. Taso mu je."

Sun isa asibitin bayan azahar. Nidal ya bar Fawwaz a mota tare da Saje Mifleh, ya shiga shi kaɗai, ya fara biyawa ta wurin nas Hiyam. Ustaz Gassan na bayan tagarsa yana sallamar wata tsohuwa. Ya taso da fara'a, ya buɗe ƙofar ofis, ya sa aka kawo shayi.

"An gama, Sufeto? Iyalin sai kira suke yi."

"Saura kaɗan. Ka ce ba ka san mamacin ba."

"Sai jiya."

"Ba ka taɓa ganinsa a wani wuri ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Me ke jikin katin inshora?"

Gassan ya yi murmushi. "Suna, sunan uba, lamba, hoto, wurin aiki."

"Akwai alkunya?"

"A kati? A'a."

"Da safe, a bakin ƙofar can, ka yi masa addu'a. Ka tuna me ka ce?"

"Na ce Allah ya ji ƙansa."

"Ka ce Allah ya ji ƙan Abu Laith."

Cokalin da Gassan ke juya shayi da shi ya tsaya.

"Wataƙila a bakin matarsa na ji."

"Matar da ta zo Abu Sami take ce masa. Nas ma haka, kowa a benen sama haka. Fawwaz Salim babban ɗansa Sami ne. Laith ɗan Munzir ne, direban tasi, wanda ke kwance a ɗakin sanyinku. A duk asibitin nan mutum ɗaya ne ya kira shi da sunan ɗansa na gaskiya, kuma shi ne wanda ya ce bai san shi ba."

"Kuskuren baki ne. Mutane nawa nake gani a rana?"

"Cikin duk sunayen duniya bakinka ya faɗa kan wannan?"

Nidal ya buɗe ƙofa ya ɗaga hannu. Saje Mifleh ya shigo da Fawwaz. Gassan ya dube shi, ya dubi ƙasa.

"Abu Sami," in ji Nidal, "nas ta tabbatar min ba wanda ya gaya wa likita komai game da maganin. Ba a raɗa masa ba, ba a aika masa ba. Ka san wannan?"

Fawwaz ya juya wajen Gassan a hankali. "Ka ce min ka gaya masa. Da safen nan a waya ka ce min ka gaya masa, likitan ne ya manta."

Gassan bai ɗago ba.

"Ka rantse min da 'ya'yanka, Gassan!"

Saje Mifleh ya riƙe kafaɗar Fawwaz.

Gassan ya ture kofin shayin gefe. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Shekara da shekaru shi ke kawo ni aiki. Kullum da safe, Abu Laith, Abu Laith. Bakina ya saba. Ban iya kiran sunansa tsirara ba yana raye, balle ya mutu."

"Ci gaba."

"Ina ganin yadda yake dafe ciki yana tuƙi. Ni na kawo shawarar katin. Ba shi ne na farko ba. Asibiti na so gadaje su cika da masu kati, ni ma ina da ɗan kasona a kan kowane gado. Na ce kowa ya amfana."

"Maganin fa?"

"Na yi niyyar gaya wa likita, wallahi na yi niyya. Sai na ga in aka sauya magani dole a koma wurin Dakta Lubna, ita kuwa ba ta barin komai ya wuce. Za ta ga Fawwaz ya sha maganin nan ba adadi. Daga nan za su tono sauran. Na ce a raina abin yarinta ne, ya girma, jikinsa ya manta. Na yi shiru."

"Shi kuma ya shiga yana zaton ka faɗa."

"Ya ɗaga min hannu da za a wuce da shi."

Nidal ya yi wa Saje Mifleh alama. Saje ya ciro ankwa, wannan karon bai yi wasa ba. Aka fito da Gassan ta gaban tagarsa, masu jiran amincewa na riƙe da katunansu suna kallo.

A bakin mota Fawwaz ya sake miƙo hannuwansa.

"Kai ma da taka shari'ar," in ji Nidal. "Da kai da matarka za ku ba da bayani. Zancen allurar 'yarka ba a hannuna yake ba, ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Amma je ka binne ɗan'uwanka tukuna. Gobe da safe ka same ni a ofis."

Ya koma ɗakin sanyi tare da likitan hukuma. Da likitan ya gama dubawa, aka cire alamar da ke ɗaure a yatsan ƙafar mamacin, aka ɗaura wata.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar gawa ta shiga lungun. An kwashe kujerun mata daga hawa na ƙasa ana hawa da su sama. Nidal na tsaye kusa da tasin da ke ajiye, lasifikar masallacin unguwa ta yi ƙara, ladan ya gyara murya.

Ya sanar da rasuwar Munzir Salim, Abu Laith, za a yi masa salla yanzu.

Tagar hawa na biyu ta buɗe. Kukan da aka toshe tun safe ya fito fili, duk lungun ya ji.

Nidal ya shiga mota. Burodinsa na nan a kan kujera cikin takarda, ya bushe.

"Mu tafi, Saje," in ji shi.